Baba ya ce 'yan Katolika ba Kiristoci ba ne, ga shi iyaye sun riga sun gaisa

Talatu, Sabon Tasha:
Salama gare ku. Don Allah ku taimake ni, kaina ya kulle. A cocin ECWA aka haife ni, Baba dattijon ikkilisiya ne, Mama tana zumuntar mata. Shekara uku ke nan ina tare da wani ɗan Katolika daga Kakuri, a bikin ƙawata muka haɗu, ranar ma ruwa ake tafkawa, shi ya sauke mu a gida. Iyayensa sun zo gaisuwa, Baba ya karɓe su hannu bibbiyu. Da aka zo maganar inda za a ɗaura aure sai ya ce ba zai ba masu yi wa gunki sujada 'yarsa ba. Mun biya rabin kuɗin wurin biki. Da gaske ba Kiristoci ba ne? Yaya zan yi?

Malam Bitrus:
'Yata, Kiristoci ne, babu ja. Shaidar bangaskiya ta Nikiya, wadda aka tsara a 325 aka cika ta a 381, ita suke furtawa a sujadar Lahadi: Allah ɗaya cikin uku, Yesu ya mutu ya tashi. Rabuwarmu da su sai a 1517 ta fara, zamanin Martin Luther. Da su aka kafa CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, a 1976, har John Onaiyekan, babban bishop nasu na Abuja a lokacin, ya shugabance ta daga 2007 zuwa 2010. Bambanci kuwa akwai. Littafi Mai Tsarki nasu littattafai 73 ne, namu 66, ƙarin bakwai ɗin duk a Tsohon Alkawari suke. Addu'a domin matattu daga ɗaya cikinsu, Makabi na biyu sura 12, suka samo ta.

Mama Rifkatu:
Malam, zama a CAN ba shi ne ceto ba. 1 Timoti 2:5 ya ce matsakanci ɗaya ne. To roƙon Maryamu na mene ne? Fitowa 20:4 fa, da siffofin da ke cike da majami'arsu? Abin da ke ci min rai, 'ya'yanmu mata su ne kullum ke bin miji, zumunta sai raguwa take, fastoci kuma sun yi gum, sai maganar gini da baikon coci.

Malam Bitrus:
Mama, a koyarwarsu sujada ta Allah ce kaɗai, Maryamu girmamawa ce, suna roƙonta ta yi musu addu'a kamar yadda kike roƙon 'yan zumunta. Kina iya cewa kuskure ne, ni ma ban yi na'am da shi ba, amma kuskure daban, kafirci daban. Talatu, ga abin da ya shafe ki. Ba sai kin koma Katolika ba. Fada, wato limamin cocinsu, zai nemi izinin bishop na auren ɗarika biyu. Za su nemi katin baftismarki, kuma muddin da ruwa aka yi, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba za su sake miki ba. Shi saurayin zai yi alkawarin yin iyakar ƙoƙarinsa a yi wa yara baftisma a kuma tarbiyyantar da su a Katolika. Ke ba ki rantsewa, sanar da ke kawai za a yi. In ana so a ɗaura a ECWA, wani izini ne daban daga bishop. In bai samu ba ya je ya yi, cocinsa ba za ta lissafa auren ba, kuma jibin Ubangiji ya tsaya masa sai an gyara. Ɗaurin aure sau biyu, nan da can, dokarsu ta hana.

Talatu:
Baba Bitrus, maganar yara ba matsala ba ce, ya ce duk abin da nake so. Shi ba mai tsanani ba ne.

Ayuba, Narayi:
Ƙanwata, nan ne matsalar take. Ba zai yi wa Fada alkawari ɗaya ya yi miki wani ba. Su jarirai suke yi wa baftisma, ku kuma sai mutum ya girma ya ba da gaskiya a nutsar da shi. Wata uku da haihuwa surukarki za ta tambaya. Jibi ma ba za ki ci a cocinsu ba. Ni dai shawarata, ku je rajista, a kafa sanarwa kwana 21, a ɗaura, kowa ya huta.

Malam Bitrus:
Rajista kaɗai ba ta raba shi da dokar cocinsa, Ayuba. Kada ka jefa yaron mutane cikin wahala. Ta sa fastonsu ya zauna da Baba tukuna.

Mama Rifkatu:
Faston da dattawa ke juyawa? 'Yata, ki dakatar da bikin kawai.

Talatu:
Mama, ba za a dawo mana da kuɗin wurin ba, kuma ni ban ce zan bar ECWA ba. Faston namu ma Baba ne ya sa hannu aka kawo shi. Akwai wanda ya san kwana nawa izinin bishop yake ɗauka? Disamba muka sa.