Idan injin jirgin feshi ya mutu a saman gona

Tsohon Matuƙi: Assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa ganin jirgin feshi ya yi saukar dole, ya ba mu labari. Ni sau ɗaya ya same ni, ina feshin auduga da jirgin Piper Pawnee. Mai feshi kamar mita 3 yake tafiya a saman shuka, babu lokacin neman fili. Inji ya yi tari sau biyu, sai tsit. Kafin in yi tunani hannuna ya ja ƙarfen zubar da magani, tankin da ke cin sama da lita 500 ya tuttule, jirgi ya yi sauƙi. Inda hancinsa ke kallo, nan na ajiye shi. Ƙafarsa ɗaya ta karye, ni ko ƙwarzane. Da na ce sai na juya, da fiffike ya soki ƙasa.

Makaniken Jirgi: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara kiyayewa, Baba. An duba man kuwa? Wanda na halarta, ruwa muka samu. Man durom ne da ya sha damina a waje, a tsaye, ruwa ya taru a kan murfi yana tsattsafowa ciki. Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasan tanki yake kwanciya, shi inji zai zuƙa. Tun daga ranar, kowace safiya da bayan kowane shan mai sai na tsiyayo kaɗan a kwalba na ɗaga ta ga haske. Ƙurar hunturu ma tana toshe matatar iska.

Tsohon Matuƙi: Ruwa ne, ɗana. Gaggawa ta sa ba a tsiyaya ba.

Ɗan Jazira: Mu a gonakin auduga na Jazira, kusa da Wad Madani a ƙasar Sudan, muka tashi. Ina yaro wani Antonov An-2, mai fiffike biyu sama da ƙasa, ya sauka a gefen magudanar ruwa, farfelarsa tsaye cik. Jirgi ne mai iya tafiya a hankali sosai, ya zauna lafiya. Abin da har yau ke damuna shi ne mu yara. Muka ruga ba takalmi ta cikin inda ya zubar da maganin, matuƙi na ta ɗaga mana hannu mu koma. Da yamma ƙanena ya kama amai, miyau na dalala, sai da aka yi masa allurar atirofin, maganin irin wannan guba, a asibiti.

Manomin Fadama: Subhanallahi. Mu nan Hadeja feshin tsuntsayen jan-baki muka sani, da magariba idan sun koma makwanci. Baba, in Allah ya kawo irin haka a gonata, me zan yi?

Tsohon Matuƙi: Ka tunkare shi ta inda iska ke tasowa, kada ta kwaso maka warin. Kada kowa ya kunna wuta. A fito da matuƙi, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a wanke shi da ruwa da sabulu. Yara da dabbobi kuma a kore su nesa.