Muhawarar dangi: a raɗa wa jaririya suna Hamza?

Sani: Assalamu alaikum dangi. Allah Ya sauki Hadiza lafiya, mace aka samu, ta biyar ke nan. Suna ranar Alhamis a gida, Birni. Tun ranar da muka kai Baba makwancinsa na yi alkawarin abin da aka haifa mini gaba zai ci sunansa, namiji ko mace. Ina nan kan bakana, Hamza za a raɗa mata.

Kawu Ilya: Barka, Allah Ya raya. Amma Sani, wannan bai halatta ba. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya la'anci mazan da ke kamanta kansu da mata, da matan da ke kamanta kansu da maza. Kuma wannan ɗabi'ar Turawa ce. Ashley sunan maza ne a Ingila, Amurkawa suka yi ta sa wa 'yan mata har maza suka guje shi. Haka kake so sunan yayana ya koma?

Malam Nuhu: Kawu, a gafarce ni, kalmar haram tana da nauyi. Malamai sun fassara hadisin nan da sutura da salon magana da tafiya, abin da mutum ya zaɓa da kansa. Jaririyar kwana uku me ta zaɓa? Kuma a cikin sahabbai akwai Hindu ɗan Abu Hala, ɗan Nana Khadija daga mijinta na baya, namiji ne. Akwai Asma'u ɗan Harisa, shi ma namiji. Larabawa na da sunayen da maza da mata ke tarayya a kansu.

Kawu Ilya: To kawo mini sahabiya ɗaya mai suna Hamza.

Malam Nuhu: Ban ce ina goyon bayan Sani ba, Kawu. Hukuncin ne kawai ba na so a tsananta. Abin da ya tabbata shi ne Annabi yana canza sunan da zai cutar da mai shi. 'Yar Sayyidina Umar da ake kira Asiya, mai ma'anar mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Ma'aunin shi ne ko sunan zai zame wa yarinya nauyi.

Rabi: Yaya Sani na da hujja. Mu ma muna da Gambo da Auta, mace da namiji duk suna amsawa. Ihsan da Nur da Islam sun cika unguwa, ba wanda ya ce uffan. Kuma har yaushe za a ce sai ɗa namiji ne zai raya sunan uba? 'Ya'ya mata biyar ba 'ya'ya ba ne? Ni abin da ke ci mini rai ke nan, tun shekaranjiya masu zuwa barka ke cewa "Allah Ya kawo namiji gaba" a gaban mai jego.

Zeinabu: Rabi, kukanki gaskiya ne, amma bari in faɗi abin da na gani a aji. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa. Na taɓa samun ɗaliba Gambo, wanda ya cika takardar haihuwarta ya ga sunan ya rubuta namiji. Ba a lura ba sai da za ta yi jarrabawar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare. Ubanta ya yi watanni yana zirga-zirga tsakanin ofis da kotu kafin a gyara harafi ɗaya. Na same ta bayan aji tana kuka, hijabi a baki don kada a ji, yara sun sa mata "Malam Gambo". Sunan da kowa ya san na tarayya ne fa. Ina ga Hamza Sani a jerin sunaye?

Kakanninmu ba su rasa dabara ba ai. Hasan da Hasana, Ɗanladi da Ladi, Balarabe da Balaraba, Ɗanjuma da Jummai. Kowa da nasa.

Sani: Hamza ba shi da na mata, Yaya Zeinabu. Da Tahiru ne sunan Baba, da na sa Tahira na huta. Alkawari na ɗauka a bakin kabari.

Goggo Hajara: Sani, ɗana, saurara. Hamza yayana ne ciki ɗaya, ba wanda ya fi ni son jin sunansa. To wa zai kira shi a gidanka? Kai ba ka faɗin sunan ubanka, Hadiza ba ta faɗin sunan surukinta, uwarka ba ta faɗin sunan mijinta. Da namiji ne sai a ce Abba ko Baba. Ita kuma Abba za ku ce mata? Sunan zai kwanta a takarda, yarinya ta tashi da laƙabi, sai a lakol da ranar ɗaurin aure a fito da shi a ba ta kunya.

Idan Yaya kake son girmamawa, uwarmu Fatsuma ce. Shekara tara yana jinyarta a ɗakin da ke kusa da zaure, shi ke ba ta kunu da hannunsa. Ya yi ta fatan a maimaita sunanta a jikoki, har ya rasu ba a yi ba.

Rabi: Wannan ban sani ba, Goggo. Amma ina nan kan cewa a daina yi wa mai jego jaje.

Sani: Ni ma ban taɓa ji ba. Alkawarin fa, Malam?

Malam Nuhu: Ka zo bayan la'asar ka faɗa mini lafazin da ka yi, ko rantsuwa ce ko niyya. Idan rantsuwa ce akwai kaffara, ciyar da miskinai goma.

Goggo Hajara: Kuma duk maganar nan, an tambayi Hadiza? Gobe da safe zan kai mata kunun kanwa, zan ji ta bakinta. Kada a sanar da liman komai sai na dawo.