Zan iya kafa wa jirgina tampol iska ta riƙa tura shi maimakon inji?

Ɗan Yawuri:
Salam 'yan uwa. Ina da jirgi irin mai dogayen tankuna biyu a ƙasa da dandamali a sama, wanda ake ce ma pontun, na saye shi na hannu da injin Yamaha 40, ina ɗan ɗaukar mutane a ruwan Kainji nan ɓangarenmu. Toh tun da aka cire tallafin mai a 2023 wlh duk abin da na samu a fetur yake ƙarewa. Shi ne nake tunanin in kafa masa doguwar sanda a tsakiya in ɗaura tampol, iska ai kyauta ce. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Baba Makaniki:
Wa alaikumus salam ɗana. Zai tafi, amma inda iska ta ga dama ba inda kai ka nufa ba. Jiragen da aka ƙera don iska suna da wani allo a ƙasa da ya nutse cikin ruwa, shi ke hana su zamewa gefe, naka kuwa tankuna ne kawai suna yawo a sama kamar ƙwarya, iska na bugo ka ta gefe sai dai ka tafi a kaikaice. Dole ka sa allon katako a kowane gefe wanda za ka iya saukewa ka ɗaga, kusa da saitin sandar. Kuma da inji kake juya jirgin ko? Ka kashe shi sitiyarinka ya zama ado, sai ka haɗa wani allon juya jirgi daban a baya.

Ummu Hanan:
Ni dai ban san harkar jirgi ba amma don Allah malam kar ka yi gwajin nan da fasinja, kuma ka sa rigar ruwa. Hadarin damina ba ya sallama.

Injiniya_Kano:
Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara, kar ka kafa sandar a kan falankin dandamali kawai, za ta huda shi ko ta tumɓuke, ka ɗora ta kan ƙarfen da ya haɗa tankunan biyu sannan ka ɗaure ta da waya uku, ɗaya gaba biyu gefe su ɗan koma baya. Rumfar sama ma ka cire ta, ita kanta iska take kamawa. Kuma pontun in ya kife ba ya tashi da kansa fa, don haka tampol ɗin ya zama ƙarami. Gsky ni shawarata kar ka sayar da injin. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, in ka nufi kudu ka kashe inji ta kai ka, dawowa kuma ka tayar.

Ɗan Yawuri:
Na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Baba allon nan zurfinsa kamar nawa? Don wajenmu akwai kututturan itace a ƙarƙashin ruwa, ina tsoron ya riƙa karo da su.

Baba Makaniki:
Shi ya sa na ce mai ɗagawa. Ka ɗaure shi da ƙusa ɗaya babba a sama yadda in ya bugi abu zai lilo baya da kansa. Fara da kamu biyu cikin ruwa ka gani.