Ina son in zana ruwa, ga shi garin ya bushe: ku ba ni shawara

Ɗan Garin Malam:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata rubutun allon shaguna ce a nan Damagaram, amma shekara biyu ke nan na fara fita bayan gari da takarda da fentin ruwa ina zana abin da idona ya gani. Duwatsun Birni na zana su har na gaji. Abin da raina ke so yanzu shi ne ruwa, kogi sosai mai tafiya. Ga shi watan Yuni ya shigo, hadari sai ya haɗu iska ta watsa shi, tafkunan da na sani duk sun zama fako.

Shekaranjiya na zauna bakin wani tafki da ya ƙafe, na zuba ruwa a gwangwani zan wanke buroshi, sai ga yarinya da bido biyu a baro, tun asuba take layin famfo. Ba ta ce komai ba, kallon gwangwanin kawai ta yi. Wallahi sai na ji kamar an kama ni da sata, na naɗe kayana na koma gida.

Na tara jikka talatin. In hau mota zuwa Yamai in zana kogin Kwara, ko in haƙura sai damina ta zauna? Sannan fentin yana bushe mini a buroshi kafin ya kai takarda. Masu sani a taimaka.

Baban Zango:
Wa alaikumus salam. Yaro, riƙe kuɗinka. Yamai kusan kilomita 900 ce, kuma yanzu ne kogin ya fi kowane lokaci ramewa. Za ka tsaya kan gadar Kennedy ka ga yashi da 'yan tsibirai, shanu na ƙetarewa da ƙafa. A watan Yuni na 1985 ma tsayawa ya yi cik a Yamai, bayan farin 1984. Mu da muka ga wannan shekara ba ma son tuna ta.

In kogin kake so da cikarsa, sau biyu yake yinta. Wajen Agusta da Satumba ruwan damina na kusa yake kawowa, ja wur da laka. Wajen Disamba da Janairu kuma sai ruwan da ya taso tun daga duwatsun Gine ya iso, ya fi tsabta, ya fi duhu. Launi biyu ne daban, mai zane ya kamata ya san wanda yake nema kafin ya biya kuɗin mota.

Inna ta Mirya:
Ɗana, mene ne na Yamai? Mirya kilomita 18 ce daga ƙofarka, kuɗin motar bai kai na goro ba. Zo ka shiga garake da sassafe lokacin da masu lambu ke ban ruwa. Ruwan rijiya ne, ba kogi ba, amma ka tsaya ka dube shi yana bin kwalbatin da aka yi masa da hauya, yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya, ƙasa tana juyawa daga fara zuwa baƙa a gaban idonka. Ga manyan kukoki a bayansu. In wannan bai ishe ka ba, ka wuce Gidimuni kan hanyar Gure, akwai tafki da dabino.

Zancen yarinya kuma, kai ka sa wa kanka. Ruwan gwangwaninka bai kai na alwala ɗaya ba. Gobe in ka gan ta, ka tura mata baron ya hau tudu, ya fi wannan kunyar amfani.

Mai Buroshi:
Bari in taɓa maganar bushewar fenti, don na sha wannan wuya. Fentin ruwa ƙaro ne ke riƙe da launinsa, irin ƙaron da almajirai ke sa wa tawada. In ka ɗiga zuma kaɗan a kowane launi, ɗigo ɗaya da tsinke, zai daɗe da laima, don zuma tana jan danshi. Kada ka zarce, in ta yi yawa zanen zai yi danƙo ya ƙi bushewa, ƙuda da kiyashi su yi maka rubdugu. Na taɓa barin wani zane a ƙarƙashin bedi na je sallar azahar, na dawo na tarar kiyashi sun cinye mini sararin sama.

Ka jiƙa tsumma ka shimfiɗa ƙarƙashin farantin haɗa launi, ka rufe rabinsa. Ka rage girman takarda, kamar tafin hannu biyu ya isa, ka manne gefenta huɗu a katako don iska. Ka fita bayan asuba, ƙarfe tara ka tashi. Daga nan rana ta take komai, duwatsu da ƙasa da sama duk su zama launi guda, inuwa ta shige ƙarƙashin abu. Da ka zauna, fara sa alamar inda inuwa take da fensir, don cikin rabin awa ta gusa, in ka bi ta za ka ɓata aikin. Fentin mai kuwa kada ka fita da shi yanzu, yana kwana biyu uku bai bushe ba, ƙura ta manne masa.

Amma abin da na fi so in faɗa maka shi ne ka koma wancan tafkin. Ka ce fako ne, ni na ce ba ka duba ba. Lakar ta tsattsage kamar fatar kada, kowane ɓallin ya naɗe bakinsa sama, ƙarƙashinsa akwai inuwa shuɗiya-shuɗiya, ba baƙa ba. A jikin duwatsun akwai zobe-zoben da ruwan bara ya bari, kana iya ƙirga yadda ya riƙa ja da baya. Akwai ramukan masu bulo, akwai sawun shanu da ya daskare. Wanda ya iya zana wannan, ranar da ruwa ya dawo ya riga ya san siffar kwanon da zai zauna ciki. Kuma ba ya cin ruwa: gawayi, jar ƙasa da ka niƙa ka tankaɗe ka kwaɓa da ƙaro, da ɗan shuni, sun gama maka.

Ɗan Matamai:
Gaskiya Mai Buroshi ya faɗa. Mu nan kudu muna da Korama, yawancin shekara ba ka ganin ruwa yana gudu, amma tono kaɗan ka same shi, shi ya sa rake ke yi a kwarin. Daga nesa kana gane hanyarta da layin goriba da kore. Ka hanzarta ka zana gawo ma, shi da ganyensa yake rani, da ruwa ya sauka sai ya kakkaɓe.

Wata 'yar lakwal:
Ni tambaya gare ni, ba a hana zane a addini ba?

Malamin Birni:
'Yata, wani mai zane ya taɓa tambayar Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce masa in ba makawa ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Yana cikin Buhari da Muslim. Tafki da dutse da gawo ba su da matsala. Shawarata ga mai tambaya: kafin ka zauna a gonar mutum ko bakin rijiya ka yi sallama, ka gaida mai unguwa, ka nuna abin da kake yi. Kuma ka nisanci barikin soja da shingen jami'an tsaro da takardarka, zamanin ba na wasa ba ne.

Ɗan Garin Malam:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yau da asuba na koma tafkin da gawayi da jar ƙasa. Zoben da ke jikin babban dutsen guda bakwai na ƙirga, na sama ya fi tsayina. Zumar ta yi aiki, sai dai na ɗan zarce a shuɗi, har yanzu yana kama yatsa. Yarinyar ta wuce, na tura mata baron, ta leƙa takardar ta ce tsagar lakar ta yi, amma dutsen ya yi kama da tulu.

Inna, ranar Lahadi in Allah ya kai mu ina tafe Mirya. Wace garka ce ake fara ban ruwa tun kafin rana ta fito?