Idan ruwa ya taso cikin dare, mu fita ne ko mu zauna a gida?

Mazaunin Jimeta:
Assalamu alaikum. Gidanmu ba shi da nisa da Kogin Binuwai, kuma duk lokacin da aka ce za a saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, barci yakan ƙaurace mini. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, ga kuma mahaifiyata wadda ba ta iya tafiya sai an riƙe ta. A 2022 ruwa ya zo har bakin ƙofarmu kafin ya ja baya. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa gani da idonsu: wane shiri ya kamata magidanci ya yi tun yanzu, kuma yaushe ne zama a gida ya fi fita?

Wani daga Gwange, Maiduguri:
Wa'alaikumus salam, Malam. Ina cikin waɗanda ambaliyar madatsar Alau ta ritsa da su a ranar 10 ga Satumban 2024, kuma abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne mun ji labari tun da yamma, amma muka ce bari mu ga safiya. Kafin asuba ruwa ya kai mini ƙugu a tsakar gida, wuta ta ɗauke, ni kuwa ina laluben takardar fili a cikin duhu, ƙaramar 'yata tana kuka a kafaɗata.

Saboda haka ka zauna da iyalinka tun rana tsaka ku yanke abu biyu: gidan wa za ku nufa a kan tudu, da kuma alamar da in kun gan ta za ku tashi ba tare da gardama ba, misali ruwa ya taɓa wata bishiya ko wani gini da kowa ya sani a unguwa. Ita kuwa Hajiya, kada ka jira wannan alamar ma. Da zarar hukumar agajin gaggawa ta ƙasa (NEMA) ko ta jiha ta yi gargaɗi, ka kai ta gidan 'yan'uwa ta yi kwana biyu, domin ɗaukar tsohuwa a cikin ruwa mai gudu aiki ne da ƙarti biyu ma suke shan wuya a kansa.

Maman 'Yan Biyu, Haɗeja:
Ina goyon bayan wannan magana. Ni jaka guda nake ratayewa a bayan ƙofa daga watan Yuli har damina ta wuce. A ciki akwai katin NIN, takardun makarantar yara da na gida a ƙulle cikin leda biyu, tocila, maganin hawan jinin maigida, garin kwaki da ƙuli-ƙuli, da 'yan kuɗi a hannu, domin ranar da sabis ya ɗauke mai POS ba zai amfane ka da komai ba. Kowane yaro kuma ya haddace lambar wayar babansa, saboda a cikin turmutsutsu ake rabuwa.

Malamin asibiti:
Malam, ka tambayi batun zama, kuma ba a taɓo shi ba. Idan ruwa ya riga ya rufe hanya yana gudu, fita ta fi zama haɗari, domin ruwan da bai wuce ƙwauri ba yana iya kayar da babban mutum, ga kwalbati da ramukan da ba a gani. A irin wannan hali a kashe wutar gida daga mita, a rufe tukunyar gas, a hau bene ko rufi mai ƙarfi, a kira lambar gaggawa ta 112. Sai dai wannan shawara ba ta shafi ginin ƙasa ba, wanda yakan jiƙe daga tushe ya rufta. Mai irin wannan gida ya fita da wuri kawai.

Ka tanadi ruwan sha a jarkoki masu murfi, ka ɗora su a sama. Bayan ambaliya rijiya takan gauraya da masai, daga nan kwalara take shigowa, don haka a tafasa ruwa kafin a sha. Idan gudawa ta kama yaro, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwa, a riƙa ba shi a kan hanyar zuwa asibiti.

Mazaunin Jimeta:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Namu ginin bulo ne amma ba bene ba, don haka fita ce ta kama mu. Na yi magana da ƙanena da ke kan tudu, ya ce a kawo Hajiya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.