Kwanson harsashi na maƙalewa a cikin Winchester 94

Salamu alaikum 'yan uwa mafarauta. Daga Damagaram nake, kuma bindigar nan ta kai ni bango. Winchester ce samfurin 1894, mai cin harsashi .30-30, irin wadda ake jan mariƙinta ƙasa a mayar sama harsashi ya hau. Gadon mahaifina ce, takardunta kuma cikakku.

Tun da hunturu ya shigo, harbin farko lafiya lau. A na biyu ko na uku sai mariƙin ya ƙage. In na matsa masa da ƙarfi ya buɗe, sai ƙugiyar da ke fizgo kwanso ta zame, kwanson ya zauna daram a ciki, sai na zura sanda ta baki na turo shi.

Na ɗauka ƙura ce, na wanke da kananzir na sa mai. A banza. Na zargi harsasan da wani ya sake cika mini da hannu, na ajiye su, na koma na kamfani masu faɗin baki, nauyin giren 150 da 170 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne). Da ɗan dama, amma ba ta daina ba. Wani maƙeri ya ce zai goge cikin mazaunin harsashin, wato inda kwanson ke zama, da fayil, na karɓe abata, don abin da aka kankare ba ya dawowa.

Kwanson da ya fito kuwa da ƙarce-ƙarce kusa da gindinsa, ga ɗan kumburi a gefe guda da yatsa ke ji.

Wannan alamar tsatsa ce ta cinye mazaunin harsashi, ko ƙugiyar kaɗai zan canza? Na gode.