Shekarar jira a Alƙahira: ina kuka leƙa, me kuka ci?

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum. Ƙanina ya isa Alƙahira da niyyar shiga Azhar, sai aka ce ya fara da karatun share fage na Larabci tukuna. Yana Hayyul Ashir, daga ɗaki sai aji, abinci kuwa Indomie safe da yamma. Ku da kuka yi irin wannan zaman, ina za ku tura shi?

Bakatsine: Wa alaikumus salam Yaya. Ka ce masa ya yi sammako ya tafi titin Mu'izz, ya shiga ta Babul Futuh ya taka da ƙafa har Babu Zuwaila. Nan ne ainihin birnin da Faɗimawa suka kafa a 969. Tafiyar ba ta da tsawo, amma ni wuni guda ta cinye min, don kowane taku sai wani gini ya tsayar da kai. Wanda ya fi riƙe ni shi ne na Sarki Ƙalawun, da aka kammala a 1285: asibiti da makaranta da kabarinsa duk a haɗe. Cikin hubbaren akwai tagogi masu gilashi kala-kala, hasken na sauka kan marmara ja da kore. Ya kuma lura da gine-ginen da suke kira sabil kuttab, a da can ƙasa ana raba ruwan sha sadaka, sama yara na karatun Alƙur'ani. Idan ya kai Babu Zuwaila ya hau hasumiya, matakalar matsattsa ce amma ba zai yi nadama ba. Ya riƙe katin ɗalibi, yana rage kuɗin tikiti.

'Yar Damagaram: Ku bar gine-gine tukun, yaron nan yunwa yake ji. Da safe ya nemi masu amalanken ful. Wake ne da ya kwana yana dahuwa a wata doguwar tukunya mai ƙaramin baki, a zuba masa mai da lemun tsami, ka ɗiba da gurasarsu, aish baladi. Ga ta'amiyya, ƙosansu ke nan, sai dai cikinta kore ne saboda ganyen da ake niƙawa da waken. Da rana kuma koshari: shinkafa, taliya, adas, miyar tumatir, soyayyar albasa a sama, da ruwan tafarnuwa mai tsami da kake zubawa da kanka. Arha, kuma yana riƙe ciki har dare.

Bakatsine: Hajiya, koshari kam ban taɓa shiri da shi ba. Shinkafa da taliya kwano ɗaya, babu ko tsokar nama?

'Yar Damagaram: Malam, ba ka sa shaɗɗa ba ne. Barkonon nan shi ne ransa. Abin da ni na kasa sabawa da shi mulukiyya ce. Lalo ne fa, amma suna yi mata ruwa-ruwa, su soya tafarnuwa su juye a kai, a ci da shinkafa. Sai da aka aiko min daddawa daga gida na riƙa kaɗa tawa.

Malam na Yerwa: Ƙanin naka ya sani ba shi ne farkon namu a can ba. A Masallacin Azhar, wanda aka buɗe a 972, a da can an ware masauki na ɗaliban Barno, Riwaƙul Barnawiyya. Mansa Musa ma ta Alƙahira ya bi zuwa hajji a 1324. Ni wurin da na fi komawa shi ne Masallacin Ibn Ɗulun, na 879. Ba shi da ƙyale-ƙyale, bulo ne da farar ƙasa da fili makeke, kuma matakalar hasumiyarsa ta waje take zagayawa. Mutane ba su cika zuwa ba, nan nake zama na yi tilawa. Masallacin Sultan Hasan kuma, da aka fara a 1356, an yi shi da makarantu huɗu, kowace mazhaba da tata. Ya nemi ɓangaren Malikiyya.

Ɗan Kumasi: Gargaɗi ɗaya. A Khanul Khalili wani mai shago ya sayar min da carbi, na fito bayan kasuwar na iske irinsa da bai kai rabin kuɗin ba. Kada ya sayi komai a bakin layi, kuma ya taya ƙasa sosai. Idan azumi ya same shi a can, ya je unguwar Husaini kafin magariba. Za a shimfiɗa tebura a titi, ma'idatur Rahman, duk wanda ya zo a zaunar da shi ya sha ruwa kyauta. Bayan tarawihi ya nemi kayan zaƙinsu, ƙaɗayif da kunafa, ya kora da ruwan rake, a gabansa za a matse.

Ɗan Zariya: Allah ya saka da alheri, duk na tura masa. Hajiya, ya ce a tambaye ki ta hannun wa aka kawo miki daddawar, don shi ma yajinsa ya kusa ƙarewa.